Wa Zai Biya Wa Manomi Kuɗin Asibiti?

A Najeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa wajen neman lafiya daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fita. Shi ya sa idan haihuwa ta zo da gardama a wani ƙauyen Bungudu, kafin a nemi motar Gusau sai an nemi mai sayen akuya.

Inshorar lafiya dabara ce ta tara kuɗi tun ana lafiya. Kusan adashi ce, sai dai a nan ba a bin layi. Wanda ciwo ya kama shi ne mai kwasa. Ma'aikacin gwamnati ana cire masa nasa kason daga albashi, aikin da hukumar ZAMCHEMA ke kula da shi a Zamfara. To manomin Tsafe fa, da ba ya ganin kuɗi sai da kaka? Ko bazawarar da 'yan bindiga suka raba da gida? A nan ne gwamnati ke shigowa ta zuba musu daga baitulmali.

Doka ta tanadi hakan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. A 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA), wadda ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma kafa asusun marasa galihu. Gana ta riga mu tun 2003, inda ta ɗora wa sayayya ƙaramin haraji don ciyar da nata tsarin.

Masu cewa magani ne kyauta sun yi kuskure. An biya, da kuɗin jama'a, saboda haka mai katin inshora haƙƙinsa yake karɓa, ba alfarma ake masa ba. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya hana shi yin shiru idan aka ce "babu magani, je ka kyamis."

Amma kati ba ya yin allura. Zamfara na da mazaɓu 147, kuma manufar gwamnati ita ce kowace ta samu asibiti ɗaya mai aiki. Inda ungozoma ta tsere saboda tsoron masu garkuwa, mai kati dole ya ɗauki hanyar Asibitin Yariman Bakura ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, kuɗin mota kuwa ba ya cikin inshora.