Barasa da Cututtukan Jima'i Tsakanin 'Yan Mata Baƙar Fata a Amurka

A Amurka, ciwon sanyi da kilamidiya sun fi kama 'yan mata baƙar fata fiye da takwarorinsu farare, kamar yadda alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC da ke Atlanta ke nunawa duk shekara. Ba don sun fi fararen shan barasa ba ne. A jimlace ma ba su kai su ba. Talauci, rashin inshorar lafiya da yawan cutar a unguwanninsu su ne tushen matsalar.

To ina barasa ta shigo? Yarinyar da ta bugu a wajen casu da wuya ta iya tsayawa kai da fata sai saurayi ya sa kwaroron roba, balle idan shi ma ya sha. Kilamidiya kuwa takan zauna a jiki ba alama, har ta toshe bututun mahaifa ta hana haihuwa.

Don rage yaɗuwar irin waɗannan cututtuka ne masu bincike Ralph DiClemente da Gina Wingood suka tsara zaman tattaunawa a Jami'ar Emory, inda mata baƙar fata ke koya wa 'yan mata yadda ake ƙin yarda da jima'i ba tare da kwaroron roba ba. CDC kuma na shawartar duk mace mai jima'i da ba ta kai shekara 25 ba ta riƙa yin gwaji kowace shekara.