Idan Firjin da Kuke Ajiye Insulin Ya Daina Sanyi

A gidaje da yawa na unguwar Briqueterie a Yaounde, firjin da ake sa nama da ruwan sha shi ne kuma ma'ajiyar insulin ta mai ciwon sukari. Insulin da ba a buɗe ba yana bukatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Zafi yana rage ƙarfinsa, daskarewa kuma tana lalata shi gaba ɗaya, ko da ya narke daga baya.

Wata 'yar na'ura takan jawo matsala. A firji mai narkar da ƙanƙara da kansa, akwai bututun sanyi a bayan bangon firiza, kuma a jikinsa aka maƙala wannan na'ura mai jin sanyi, wadda masu gyara ke kira "sonde" da Faransanci. Ita ce ke gaya wa firji yadda sanyin bututun yake. In ta lalace, ƙanƙara takan taru ta toshe hanyar iska.

Alamomi

Firiza na da sanyi amma ƙasa ya yi ɗumi. Fanka na ƙara kamar tana gogar wani abu. Wata lamba ko harafi na ƙyaftawa a allon firji. Wani lokaci kuma sanyi ya yi yawa, kayan ƙasa su daskare.

Abin da za ku yi

Ku fara da magani. Ku sa shi a kula tare da gorar ruwan sanyi, kada ya taɓa ƙanƙara.

Ku zare firji daga wuta na minti biyar, sannan ku mayar. In lambar ta dawo, ku rubuta ta don mai gyara.

Kada ku kankare ƙanƙara da wuƙa, domin kuna iya huda bututu gas ya tsere. Ku kashe firjin, ku bar ƙofa a buɗe ta narke. In sanyi ya dawo sannan ya sake ɓacewa bayan 'yan kwanaki, matsalar tana nan.

Ku nemi mai gyara ya auna na'urar da mita kafin ya yi zancen ƙara gas ko sauya inji. Sauya ta ya fi araha nesa ba kusa ba.

Insulin da ya daskare, ko ya yi gudaji, ko ya canza launi, kada ku yi allura da shi. Ku kawo kwalbar asibiti mu duba. Ku ajiye ma'aunin zafi kusa da magani, ku leƙa shi safe da yamma.