Daga ƙwaya ɗaya zuwa ciwon daji

Jikin ɗan Adam da ƙwaya ɗaya tak yake farawa a jikin uwa. Ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, har a kai kusan tiriliyan 30. Rabuwar ba ta tsayawa bayan haihuwa: da ita rauni ke warkewa, da ita jini da fata ke sabuntuwa. Kafin kowace ƙwaya ta rabu, sai ta kwafi DNA, kundin umarnin da ke cikinta. Idan kuskure ya shiga, ƙwayar kan gyara shi, ko ta kashe kanta.

Matsalar na tasowa ne idan kurakurai suka taru shekara da shekaru a kan sassan da ke cewa "tsaya". Sai ƙwayar ta ci gaba da rabuwa ba birki, ta zama ƙari, ta bi jini ta kafa sansani a wata gaɓar. Wannan shi ne ciwon daji, ko sankara.

A yankunan Tasawa da Mayahi, inda gyaɗa ke cika rumbu, hanta ce abin ji. Gyaɗar da aka adana da danshi kan yi fumfuna mai fitar da gubar aflatoksin, wadda ke lalata DNA na ƙwayoyin hanta. Idan ta haɗu da cutar hanta nau'in B, haɗarin na ninkuwa sosai. Abin takaici, dukansu biyu ana iya kauce musu: a busar da gyaɗa sarai, a yi wa jarirai rigakafi.

Wanda ciwon ya kama kuwa, gashi da na'ura sai Yamai, a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa, inda aka fara shi a 2021.