GIDAN ƊAN HAUSA: KADA GARIN NEMAN GIRA A RASA IDO

Duk wanda ya bi ta unguwar Nasarawa a birnin Kano, ba nisa da Gidan Gwamnati, in ya lura zai ga wani gidan ƙasa mai bene, da zankwayensa a bisa, da zanen magina a goshinsa, yana tsaye a tsakiyar ofisoshin siminti kamar dattijon da ya halarci taron samari. Wannan shi ne Gidan Ɗan Hausa, wanda a yau yake hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Ya haura shekara 100 a tsaye, alhali kuwa gidajen bulo da yawa waɗanda aka gina bayansa da nisa tuni sun tsage, an rushe su, an tayar da waɗansu a gurbinsu.

Shi Ɗan Hausa ɗin Bature ne, sunansa na ainihi Hanns Vischer. An haife shi a birnin Basel na ƙasar Suwizalan cikin 1876, ya fara zuwa ƙasar nan tare da 'yan Mishan, daga baya ya kama aikin Gwamnatin Ingila aka tura shi Barno. Cikin 1906 ya biyo ayari ya ƙetaro Sahara daga Tarabulus har bakin Tafkin Chadi. Saboda yadda Hausa ta zauna a bakinsa ne mutane suka laƙaba masa wannan suna. Cikin 1909, watau shekara 6 bayan Turawa sun ci Kano, zamanin Sarki Abbas, ya buɗe makarantar boko ta Gwamnati ta farko a Arewa a nan Nasarawa. Da malamai aka fara, sa'an nan aka kawo 'ya'yan sarakuna daga ƙasashe dabam-dabam, aka kuma buɗe sashen koyon sana'a. Har ila yau shi ne ya tsara ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen boko, waɗanda aka buga cikin 1912. Saboda haka in an ce baƙaƙen da mai karatu yake bi da ido yanzu haka a farfajiyar wannan gida suka yi rarrafe, ba a yi ƙarya ba.

To, amma gidan ba aikin Bature ba ne. Maginan Kano ne suka ɗora shi da hannunsu, da irin kayan da kakanninsu suka saba, kuma sai an san waɗannan kaya sa'an nan za a gane abin da ya sa gyaran irin wannan gida yake da hatsari.

Ginin tubali daga kududdufi yake farawa. Akan haƙo jar ƙasa, a zuba mata ruwa, a watsa mata ciyawa da kashin doki, a tattake da ƙafa, a bar ta kwana da kwanaki ta ruɓa, a sake tattakawa har ta yi danƙo. Daga nan sai a cura tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Magini yakan zauna bisa bango, yaransa suna jefo masa tubali ɗai-ɗai daga ƙasa, yana jerawa tsini sama, yana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon yakan yi kauri ƙwarai a gindi, ya riƙa sirancewa yayin da yake hawa. Wannan kauri shi ne ke hana zafin bazara shiga da rana, ya kuma riƙe ɗumi da dare lokacin hunturu. Rufi kuwa da azara ake yinsa, wadda ake tsagowa daga itacen giginya, domin gara ba ta cika cinta ba. Sai dai azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta wuce kamar ƙafa 6, kuma neman dabarar wuce wannan iyaka ne ya haifi bakan gizo da ɗaurin guga, inda ake ɗora azara bisa azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har su haɗu a tsakiyar soro.

Saura kariya daga ruwan sama. A nan ne gwanintar take. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a jiƙa a kwaɓa ƙasar yaɓe da ruwanta. Akwai katsi, watau abin da ke kwantawa a gindin karofin marina, wanda ake kwashewa a ƙona a daka. In aka haɗa katsi da gashin jima daga majema da ruwan dafara, an sami laso ke nan, wanda ake shafe rufi da shi, ruwa ya zame ya bi ta indararo ya zuba can nesa da gindin bango. Ko zankwayen nan da ake ɗauka ado ne kurum suna da aikinsu, don a jikinsu magini yake ɗaura igiya in zai yi yaɓe.

Abin da duk wannan yake nufi shi ne, gidan ƙasa kamar doki yake, kullum yana bukatar mai kula. In damina ta ɗauke, sai a hau a duba rufi, a toshe tsaga, a gyara indararo, a sabunta yaɓen bangon gabas wanda ruwa ya fi duka. Gidan da aka yi wa haka shekara-shekara yana iya ganin jikan jikan wanda ya gina shi. Wanda aka yi wa sakaci damina uku ko huɗu kuwa sai dai a kwashe azara.

Wannan wahala ta shekara-shekara ita ce ta sa da siminti ya wadata mutane suka ga kamar an kawo musu hutu. Sai a kira birkila ya shafe bangon tubali da siminti, a bi da fenti, gida ya fito fes. Ana nan bayan 'yan shekaru sai simintin ya fara tsagewa, domin ƙasa tana kumbura tana motsewa da canjin yanayi, shi kuwa ba ya bin ta. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa ta inda zai fita, don siminti ya toshe numfashin bango. Damshin da ke tasowa daga ƙasa shi ma ya maƙale a ciki. Tubali ya yi ta narkewa a ɓoye, gara ta sami wurin zama, mai gida kuwa yana kallon fenti yana jin daɗi. Ran da abin zai bayyana, sai a ga ɓawon siminti ya ɓamɓaro gaba ɗaya, a tarar bayansa rami ne. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Rufin kwano ya fi wannan dama-dama, don yakan ceci bango daga ruwa, amma da zarar an ɗora shi an sare zankwaye, gidan ya tashi daga kamanninsa, zafi kuma ya sami ƙofa.

Babu inda wannan magana ta fi taɓa zuciya kamar Zariya. Masallacin Juma'a na birnin Zazzau an gina shi zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma maginin shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka sani da Babban Gwani. Masana gini na ciki da wajen ƙasar nan sun daɗe suna ƙirga shi cikin mafi kyawun ginin ƙasa a Afirka ta Yamma, saboda ginshiƙansa masu zane da bakan gizonsa da tulluwansa. Masu ba da labari har cewa suke yi, da Babban Gwani ya gama wani masallaci a Birnin Gwari sai aka kashe shi don kada ya gina wa wani sarki wanda ya fi shi. Cikin shekarun 1970, da jama'a ta yi yawa, sai aka tayar da sabon gini na siminti aka kewaye tsohon da shi, aka bar ainihin ɗakin sallar a ciki, waɗansu sassa na waje kuwa suka tafi. Niyyar da aka yi mai kyau ce, kuma ba don haka ba mai yiwuwa da an rushe shi ɗungum, kamar yadda aka yi wa tsohon masallacin Juma'a na Kano zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Amma fa ginin da aka sa cikin wani gini ya fita daga idon jama'a, kuma wanda ba a gani ba a cika tunawa da ciwonsa ba.

Ran Juma'a 11 ga watan Agusta, 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na masallacin ya rufto a kan masallata, aƙalla mutum 7 suka riga mu gidan gaskiya, waɗansu da dama suka ji rauni. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya bayyana cewa an ga tsaga a bango kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo injiniyoyi ke nan abin ya auku. Allah ya jiƙansu. Bayan shekara guda, cikin watan Satumba na 2024, ruwan sama mai yawa ya kayar da tsohon masallacin Damagaram a Jamhuriyar Nijar, wanda aka gina tsakiyar ƙarni na 19. Daga nan ya kamata kowa ya gane cewa batun kula da tsohon gini ya wuce sha'awar masu tarihi, akwai rayukan mutane a ciki.

Doka dai akwai ta. Tun 1953 aka kafa dokar kare kayan tarihi, cikin 1979 kuma Gwamnatin Soja ta fitar da Doka mai lamba 77 wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta kuma hana a taɓa ginin da aka ayyana ba tare da izninta ba. Gidan Makama na Kano, wanda ake danganta asalinsa da Sarki Muhammadu Rumfa, da tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe cikin 1922, suna cikin waɗanda aka ayyana tun 1959. Duk da haka cikin 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa ta Kano don a faɗaɗa hanya, aka mayar da ta siminti a gurbinta. Sunan yana nan, motoci suna wucewa cikin sauƙi, amma ƙofar da mutanen dā suka gina ta tafi. Abin mamaki, wanda yake son ya ga siffar masallacin Zariya yadda Babban Gwani ya bar shi, sai ya tafi Jos, inda wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Z. R. Dmochowski, ya sa aka gina kwaikwayonsa da ƙasa, tare da na badalar Kano, a gidan tarihin gine-ginen gargajiya.

A maƙwabta akwai abin koyi. A garin Jenne na ƙasar Mali, babban masallacin da ake gani yanzu an gina shi cikin 1907, kuma kowace shekara mutanen gari sukan fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu, mata na ɗebo ruwa, samari na ɗauko kwaɓi, magina na bisa bango, su sabunta yaɓensa cikin yini guda kamar ranar salla. A Agadas ma haka ake yi wa doguwar hasumiyar nan ta ƙasa lokaci-lokaci, kuma cikin 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Sirrin dai bai wuce a gyara ƙasa da ƙasa ba, a kuma bar aikin a hannun waɗanda suka gaje shi.

Amma kada a yi saurin ganin laifin mai gida talaka. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Marina sun mutu sai 'yan kaɗan irin na Ƙofar Mata, saboda haka katsi ya zama abin nema. 'Ya'yan magina da yawa sun koma birkiloli, don can ne kuɗi yake, kuma sarautar Sarkin Magina a garuruwa da yawa ta koma ta hawan salla. Ga kuma rabon gado: in mai babban gida ya rasu, magada goma sha suka taru, zauren da ya fi komai daraja shi ne na farko da za a rushe a fitar da shaguna, domin shi ne ke bakin hanya. Wanda aka ce ya riƙe gidan kakansa don amfanin tarihin ƙasa, ba a kuwa taimaka masa da ko kwabo ba, an ɗora masa kayan da ba nasa kaɗai ba ne.

Wannan matsala ba ta tsaya ga tsofaffin birane masu ganuwa ba. Jalingo ƙaramar yarinya ce in an gwada ta da Kano, don cikin 1893 ne Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa ta, bayan yaƙin Kona wanda Bafaranshe Mizon ya taimaka masa da bindigogi. Tun ran 27 ga watan Agusta, 1991, da aka yanke Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola aka mai da ita hedkwata, fili ya yi daraja, gidajen ƙasa na tsofaffin unguwanni suna ta ba bulo wuri, ga shi kuwa ruwan sama a can ya fi na Kano yawa. Garin da shekarunsa ba su wuce 130 da 'yan kai ba yana iya wayar gari ba shi da bango ko ɗaya da zai nuna wa yara ya ce wannan na zamanin kafuwar gari ne. Haka abin yake a Ibi da Wukari da sauran garuruwan yankin Binuwai.

Shi Gidan Ɗan Hausa ya yi sa'a, yana da hukumar da ke zaune a cikinsa, ɗalibai da baƙi kuma suna ziyartarsa. Abin da yake bukata ba kwangilar miliyoyi ba ce wadda za a bayar sau ɗaya cikin shekara 20, a zo da siminti da tayil a yi bikin buɗewa. Kuɗi kaɗan yake so cikin kasafin kowace shekara, a ajiye su musamman don yaɓe, a auna gidan ɗaki-ɗaki a zana shi a takarda tare da hotuna kafin a taɓa ko'ina, a kuma ɗauki maginan gargajiya aiki na dindindin, kowane da yaro biyu ko uku masu koyo a ƙarƙashinsa. Lokacin aikin kuwa sananne ne, daga ɗaukewar ruwa cikin watan Oktoba zuwa kafin hadarin farko na watan Mayu.