Kalmar "Maganaɗisun Ƙasa" da Batun Haɗe Rukunan Ƙarfi Huɗu

Masana kimiyyar fiziya sun kasa ƙarfin da ke tafiyar da halittu gida huɗu. Na farko shi ne mai janyo abu ƙasa, wanda ke kayar da lemo daga kan tire a kasuwar Zuba. Na biyu shi ne na lantarki da maganaɗisu. Sauran biyun kuwa a cibiyar ƙwayar zarra suke aiki: ƙaƙƙarfa mai ɗaure cibiyar, da rarrauna mai sa wasu ƙwayoyi rikiɗa. Da su ne tukunyar nukiliya ta bincike da aka kunna a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a 2004 take aiki.

Burin masanan shi ne su nuna cewa tushen huɗun ɗaya ne. Glashow da Weinberg da Abdus Salam sun haɗe rarrauna da na lantarki, suka sami kyautar Nobel a 1979, sannan gwajin cibiyar CERN ya gaskata su a 1983. Amma na farkon ya ƙi shiga sahu. Tun 1915 Einstein ya bayyana shi a matsayin lanƙwasar sarari da lokaci, alhali sauran ukun da musayar ƙwayoyi ake bayyana su. In aka ɗora masa lissafinsu, sai amsa ta fito ba iyaka. Kuzarin da ake buƙata don gwada lamarin kai tsaye ya ninka na babban injin CERN kimanin sau tiriliyan dubu.

A nan ne batun ya shafi manazarcin harshe. Masu fassara kan kira ƙarfin farko "maganaɗisun ƙasa", wato kalmar ta riga ta haɗe abin da kimiyya ta kasa haɗewa. Maganaɗisu ƙarfe yake ja, yana kuma iya ture ɗan'uwansa. Wancan kuwa komai yake ja, har Dutsen Zuma, kuma ba ya turewa. Bugu da ƙari, ƙasa tana da maganaɗisunta na haƙiƙa, wanda ke juya allurar kamfas ta neman alƙibla. To, ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Zuba da zai koyar da yara cikin Hausa, da wane suna zai kira wannan?

"Jan-nauyi" zai fi dacewa, domin gwargwadon nauyin abu, gwargwadon janyowar. Saura ita kanta kalmar "ƙarfi", wadda ke ɗauke da ma'anar turi da kuzari da ƙwari a lokaci guda, har rukuni na uku kan fito a fassara da sunan "ƙarfi mai ƙarfi".