Ɗanku Ya Daɗe A Jami'a: Ko Zai Iya Zama Likita?

'Yan'uwa manoma, a ƙauyukanmu akwai iyaye da yawa waɗanda ke sayar da hatsi da awaki kowace shekara domin 'ya'yansu su yi karatu. Waɗansu yaran sun nemi karatun likita da gama sakandare, ba su samu ba, sai suka ɗauki wani fannin kimiyya a jami'a da niyyar in sun karɓi digiri su sake nema. Amma ga shi digirin shekara 4 ya zama na 5 ko na 6. Sai uba ya shiga tunani: ko wannan daɗewa ta rufe wa yaron ƙofa? Ko in daina zuba kuɗi?

Muna so mu ce yawan shekaru kaɗai ba ya rufe ƙofa. Abin dubawa shi ne dalilin jinkirin, da alamar da ya bari a takardun yaron.

HANYAR SHIGA

A Nijeriya hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ce ƙofar shiga jami'a. Wanda ya fito daga sakandare yakan rubuta jarrabawarta, ya yi shekara 6 a karatun likita. Wanda kuwa ya riga ya sami digiri a fannin kimiyya da ya dace, yakan nemi shiga kai tsaye, watau ya fara daga aji biyu, ya yi shekara 5.

Guraben kaɗan ne ƙwarai, gama hukumar MDCN mai kula da aikin likita ita ke ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka. Saboda haka masu zaɓe sukan duba abu biyu: kiredit 5 na sakandare a Turanci, Lissafi, Fizis, Kemistiri da Bayoloji, sa'an nan darajar digirin. Jami'o'i da yawa suna neman daraja ta biyu ta sama, wadda ke farawa daga maki 3.50 cikin 5. Ko Jos ne, ko Zariya, ko Kano, ko Maiduguri, kowace jami'a da nata sharuɗa, sai a tambaya tun da wuri.

JINKIRI IRI UKU

Na fari shi ne yajin aiki. Ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta yi yajin wajen wata 9 a 2020, ta sake yin na wata 8 a 2022. Wannan ya shafi dubban ɗalibai a lokaci ɗaya, masu zaɓen kansu kuwa malamai ne, sun san labarin. Irin wannan jinkiri ba ya rage wa yaro maki ko ɗaya.

Na biyu shi ne faɗuwa a darasi, abin da ɗalibai ke kira kari-oba. Nan ne haɗarin yake. In yaro ya faɗi darasi ya sake shi, ko da ya ci a karo na biyu, faɗuwar farko tana nan cikin lissafin makinsa. Kari-oba uku ko huɗu suna iya sauko da shi daga daraja ta biyu ta sama zuwa ta ƙasa. Ban da haka, bisa ƙa'ida ba a barin ɗalibi ya wuce shekara 6 a kan digirin shekara 4.

Na uku shi ne rashin kuɗi ko ciwo, wanda ya fi damunmu mu manoma. In damina ta ƙi, yaro yakan dawo gida ya taya aiki ba tare da ya sanar da makaranta ba. In ya riga ya yi rajistar darussa bai zauna jarrabawa ba, sai a rubuta masa faɗuwa. Ka ga talauci ya zama kari-oba. Alhali da ya rubuta takarda ta hannun shugaban sashensa ya nemi izinin ɗage karatu, aka amince, da makinsa ya tsira.

MU YI LISSAFI

Digiri shekara 4, bautar ƙasa 1, karatun likita 5, sai shekara 1 ta koyon aiki a asibiti. Jimla shekara 11. In an sami jinkirin shekara 2, ya zama 13. Wanda ya shiga jami'a yana da shekara 19 zai gama yana da 32. Wannan ba tsufa ba ne ga likita, amma nauyi ne a kan rumbun gidan da akwai ƙanne a baya. Mu kuma tuna sau ɗaya ake sayar da fom na shiga kai tsaye a shekara. In sakamakon yaro ya makara da wata biyu, kamar wanda ya makara shuka ne, sai baɗi.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

Kada mu tsaya ga tambayar yaro yaushe zai gama. Mu ce ya kawo sakamakonsa kowane zango, in ba mu iya karantawa ba mu kai wa malamin makaranta da ke cikin ƙungiyarmu. A lokacin kaka mu ware buhunan karatu, kada mu sayar da su sai farashi ya tashi. Ƙungiyar gama kai tana iya buɗe asusun rance na kuɗin rajista, a biya bayan girbi. In kuma babu yadda za a yi, yaro ya nemi izinin ɗage karatu a rubuce, ya ajiye kwafin takardar.

In makin bai kai ba, kada a ce an yi hasara. Jinya, haɗa magunguna, aikin awo a asibiti da kiwon lafiyar jama'a duk ayyuka ne da ƙauyukanmu ke ƙishirwarsu. In kuwa makin ya kai, kada a karya wa yaro gwiwa saboda sa'o'insa sun riga shi. Dawa tana daɗewa a gona fiye da gero, amma ita ma rumbu take shiga.