Lete: tsibirin makiyaya da ya kai ƙasashe biyu gaban alƙali

Wanda ya shiga kwale-kwale daga Gaya ya hau kogin Isa zuwa yamma maso arewa, zai iske wurin da ruwa ya rabu biyu ya rungumi wata doguwar ƙasa mai tsawon kimanin kilomita 16 da faɗin 4. Wannan ita ce Lete, tsibiri mafi girma tsakanin Nijar da Benin. A gaɓar dama akwai yankin Karimama na Benin, a gaɓar hagu ƙasar Gaya, duka biyun kuwa Dandi ne, inda Dandanci yake harshen gida, Hausa kuma harshen ciniki.

Mazauna Lete na dindindin galibinsu Fulani ne, kuma Fulatanci ya zauna daram a tsakiyar Dandawa saboda ruwa ya yi masa shinge. Abin da ya zaunar da su ciyawa ce. Kogi yana cika sau biyu a wannan yanki: da damina, sa'annan cikin hunturu lokacin da ruwan da ya taso daga duwatsun Gini yake isowa bayan tafiyar watanni. Idan ya janye sai ya bar fadama da burgu, shanu su sami ɗanyen abinci a lokacin da tudu ya bushe ƙayau. Saboda haka garke yakan yi iyo ya ƙetaro daga gaɓa biyu. Manoma suna shuka gero da dawa a kan jigawa, Sarkawa suna kamun kifi, mata kuma suna kai nono da man shanu kasuwannin bakin ruwa. Inda makiyayi da manomi suke son ƙasa ɗaya, ba a rasa ƙorafi, kuma a nan ne rigimar ta samo tushe tun kafin ta zama ta gwamnatoci.

Turawan Faransi ba su shata iyaka sosai ba, domin a wurinsu gaɓa biyun duk gida ɗaya ne. A ranar 3 ga Yuli 1914 kwamandan Gaya, Sadoux, ya rubuta wasiƙa yana cewa a ɗauki hanyar ruwa mafi zurfi, wadda jirage suke bi, a matsayin iyaka, abin da ya sa Lete ta faɗo hannun Gaya, can kuma mutanenta suka riƙa biyan haraji. To amma a Agusta 1954 wani muƙaddashin gwamnan Nijar, Raynier, ya rubuta wata wasiƙar da ta kai iyakar har gaɓar hagu. Takarda biyu, magana biyu. A ƙarshen Yuni 1960, saura ƴan makonni a sami ƴancin kai, an kai hari tsibirin da dare, aka kashe Fulani huɗu.

Ma'aikata da ƴan kasuwa ne suka fi ɗanɗana abin da ya biyo baya. Bayan da Kanar Soglo ya tumɓuke Hubert Maga a Oktoba 1963, dangantaka ta yi tsami da gwamnatin Diori Hamani. Nijar ta kori ƴan Dahome, cikinsu har da ma'aikatan gwamnati masu yawa da suka riƙe ofisoshi da makarantu tun zamanin Turawa. Dahome ta rama da toshe hanyar Kwatano, kayan Nijar suka maƙale a tashar jiragen ruwa, sojoji suka ja daga a bakin kogi. Sai a Janairu 1965, a Yamusukuro, aka sasanta cewa mutanen ƙasashen biyu su ci gaba da amfani da tsibirin. An kwantar da ƙura ne kawai, domin an sake samun tashin hankali a 1993 da 1998.

Daga bisani, a 2001, ƙasashen biyu suka amince su kai maganar Kotun Duniya da ke ƙasar Holan. A ranar 12 ga Yuli 2005 kotu ta yanke hukunci: iyaka ita ce hanyar ruwa mafi zurfi kamar yadda take lokacin samun ƴanci, kuma daga cikin tsibirai 25 da ke wannan yanki, 16 na Nijar ne har da Lete, 9 na Benin. Abin lura ga duk mai aikin ofis shi ne, hujjar da ta yi nauyi ba bindiga ba ce, tsofaffin takardun mulki ne da suka nuna wanda yake gudanar da tsibirin shekara da shekaru.

Hukuncin ya raba har gadojin da suka haɗa Gaya da Malanbil, ya ce iyaka a kansu tana bin iyakar da ke cikin ruwa. Waɗannan gadoji ne aka rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, manyan motoci suka yi jerin gwano a gaɓar Benin, fasinja da buhunan kaya suka koma ƙetare kogi a kwale-kwale, kamar yadda mutanen Lete suka saba kai nononsu kasuwa.